Dare a Cikin Bargo

Tsohuwar tocilata ta daɗe tana jinya.
Wata uku tana ba ni haske kamar tsararon koko,
sai na bubbuga mata ƙeya a tafin hannu
kafin ta buɗe ido.
Asubar da kunama ta kwana a takalmin Hindatu
ina tsaye a kanta, ina haskawa,
ban ga komai ba sai da yarinyar ta tsala ihu.

Shi ya kai ni teburin Rabe, a bakin Ƙofar Ƙwaya,
rana tsaka, lokacin da ko kwalta gumi take.
Na kunna ta farko, ban ga bambanci ba.
Na kunna ta biyu, kamar ban kunna ba.
Rabe ya yi dariya har goro ya faɗo masa.
Ya ce, da rana duk tocila bebiya ce,
wa ke jin tarin akuya a tsakiyar kasuwa?
Ya jawo wani baƙin bargo daga ƙarƙashin benci,
ya ce, sa kanka,
ga dare nan na ajiye wa masu saye.

Na shiga.
Ƙatona, uban 'ya'ya biyar, a durƙushe gefen titi,
ƙafafu a waje, kai a cikin dare mai warin kananzir,
'yan acaɓa na wucewa suna yi mani sannu.

Ya miƙo wata mai kaurin taɓarya.
Kwalinta ya rantse tana haska Jibiya daga nan.
Haske kam akwai,
amma wane aljihu ne zai ɗauki taɓarya zuwa masallaci?
Abin da aka bari a gida
ba ya ceton wanda dare ya riska a hanya.

Ya miƙo wata ƙarama, ado ga makulli,
tana ƙyafta ido irin na maƙesu.
Ta uku ta fara da alfahari,
kafin in ƙirga ɗari ta yi zafi kamar dutsen guga
ta soma lumshewa.
Na san irinta a cikin mutane.

Ta huɗu ba ta wuce asawaki ba a tsawo.
Jikin ƙarfe, maɓalli a gindi,
tana shan caji da igiyar waya duk ranar da Nepa ta tuna da mu.
Na danna: na ga kowane zare na bargon nan,
na ga inda aka yi masa ƙwaki, da kyankyason da ya mutu a ciki.
Na sake dannawa: ta sassauta murya.
Rabe ya ce, wannan na biyun kada ka raina shi.
Ban saurare shi ba, ina ta cinikin ɗari biyu.

Bayan lisha na bi lungunmu da ita kamar sabon ango.
Ta nuna mani kwatar da na shekara ina tsallakewa da addu'a,
ta nuna mani ƙusa, da kwaɗo,
da wasu biyu a zauren Malam Nalado
da ban so na gani ba.
A gida ta tona tsagar da ke bangon ɗaki,
ta tona gara a azara,
ta sauka kan Ladiyo tana ninke kaya,
sai ga furfura uku a gefen kallabinta
waɗanda fitilar ƙwai ta rufa mana asirinsu shekara da shekaru.
Ta kare fuska, ta ce, kai, ɓarawo kake nema?

Yanzu tana kwana a aljihun hagu, kusa da carbi.
Babban hasken na hanya ne, da bayan randa.
Da asuba kuwa ƙaramin nake dannawa,
in bi takalman yara ɗaya bayan ɗaya,
in kife, in kakkaɓe,
ba wanda ya farka.